Wa Ake Yi wa Katun Ɗin Nan, Mu ko Ƙannenmu?

Filin Tambayoyin Iyaye da Yara, daga Bauchi

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan watan kamar an haɗa baki, kusan duk a kan katun ɗin talabijin suka tsaya, musamman waɗanda suka daɗe ana nunawa har wanda ya fara kallonsu da gajeren wando yau ya ajiye iyali. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina koyar da 'yan aji uku na firamare a cikin garin Bauchi, kuma da wuya Litinin ta zo ban raba gardama a kan wani katun ba kafin mu buɗe littafi. Na zaɓi saƙo huɗu. Na farkon ya fi tsaya mini a rai, a yi mini haƙuri in na daɗe a kansa.

TAMBAYA: Anti, ina gaisuwa. Shekaruna 25, tela ne ni a wajajen Wunti. Tun ina firamare nake kallon Ben 10 a tashar Larabawa, a gidan kawuna mai dish. Na bi shi har ya zama saurayi, labarin ya yi zurfi. Kwanakin baya ƙanena ɗan shekara takwas ya nuna mini sabon da aka yi, wallahi Anti sai da raina ya ɓaci. An mayar da Ben yaro, zanen kamar wasa, sai ihu da shirme. Na ce masa wannan jabu ne, ya fashe da kuka. Don me kamfani zai watsa mana ƙasa a ido, mu da muka ɗaga shi?
Daga wani tela, Jahun, Bauchi

AMSA: Ƙanena, na ji kukanka, kuma idonka bai yi maka ƙarya ba. Ben ɗin da ka sani daban, wanda ƙaninka ya sani daban. Tashar Cartoon Network ta Amurka ta fara nuna shirin a Disambar 2005, da yaro ɗan shekara 10 da ya tsinci agogon nan mai rikiɗa shi zuwa halittu goma, yana yawon hutu a mota da kakansa da 'yar'uwarsa. A 2008 aka ƙara masa shekara biyar, labarin ya yi nauyi, soyayya da cin amana suka shigo. A 2010 ya kai 16, aka ci gaba da tafiya da shi a haka har 2014. Ka ga kusan shekara tara kamfanin yana bin sawunku, kuna girma yana girma. Gata ne wannan, ba kowane mai kallon katun ke samunsa ba. Sai a 2016 suka wanke allo suka ɗora sabon rubutu: Ben ya koma ɗan shekara 10, zanen ya yi sauƙi, kowane kashi ya dawo minti 11 maimakon 22, ban dariya ya danne labari.

Dalilin kuwa, ƙirga da kanka. Yaron da ya fara kallo yana ɗan takwas a 2005, a 2016 shekarunsa 19. Ya wuce kama zanen mahaifiyarsa a kasuwa yana kukan a saya masa agogon roba mai koren fitila, ya wuce goya jakar makaranta mai hoton Ben. Katun irin wannan kuwa da talla da cinikin kayan wasa da riguna da jakunkuna yake numfashi. Kai da kake sana'ar ɗinki ka fi ni sanin zancen. In ka yi suna a ɗinkin kayan sallar yara, yaron da ka auna shekara goma baya ba zai zo shago ya ce lallai ka daina yanka ƙananan kaya tunda shi ya girma ba. Tef ɗinka na wuyanka, na bayansa za ka auna.

Ka ce ku kuka ɗaga shi. A nan zan faɗa maka abin da ba daɗin ji. A lissafin kamfanin, da kai da ƙanin naka duk ba ku ne a sahun gaba ba. Yaron da suke zana wa shi ne wanda iyayensa ke shiga kanti a Amurka ko Turai su sayi kayan na asali. Mu da muka kalla kyauta a dish, cikin Larabcin da rabinsa ke wuce mu, baƙi ne da muka tarar ana cin abinci aka ce mana bismilla. Mun ci, mun ƙoshi, mun kuma so abincin har zuciya, amma ba da mu aka auna tsabar ba.

Bari in ba ka nawa labarin, don kada ka ce daga kan tudu nake magana. A ƙarshen shekarun 1980, sa'ad da NTA ba ta buɗewa sai ƙarfe huɗu na yamma, akwai wani maƙwabcinmu ma'aikacin reluwe mai talabijin fari-da-baƙi, irin mai ƙofofin katako da ake zugewa. Ranar da za a nuna Voltron, tun kafin a idar da la'asar mun cika tsakar gidansa, manya a baya, ƙanana a gaba kan tabarma, wanda ya makara ya leƙa ta taga. Zakuna biyar ne na ƙarfe ke haɗuwa su zama ƙato guda mai takobi. In aka zo wurin haɗuwar, numfashi ma a hankali muke yi. Yayana, Allah Ya jiƙansa, shi ke fassara mana Turancin, kuma sai daga baya na gane yawanci ƙirƙira yake yi. Sai da na kai sakandare na san ashe kowane zaki da launinsa, akwai ja, akwai kore, akwai shuɗi. Mu duk toka-toka muka san su.

Shekaru kaɗan da suka wuce na samu kashi ɗaya na tsohon shirin, na aro kwamfuta na kai aji ranar rufe makaranta. Zuciyata cike da murna, zan nuna wa yarana abin da ya fi komai daɗi a yarintata. Ba a yi minti biyar ba wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, yaushe za a fara?" Wata yarinya a gaba ta ce, "Me ya sa bakinsu kaɗai ke motsi?" Na baya kuwa tuni sun koma cacar murfin kwalba a ƙarƙashin benci. Na ji ciwo ranar, ba zan ɓoye maka ba. Da na koma gida na sake kunnawa ni kaɗai bayan isha, sai na ga yarinyar ta fi ni gaskiya: zanen a tsaye yake, wurin haɗuwar zakunan kuma hoto ɗaya ne ake maimaitawa a kowane kashi. Abin da nake nema a ciki ba ya cikin kwamfutar. Hayaƙin icen girkin yamma ne, da ɗumin tabarma, da muryar yayana a kunnena. Hausawa suka ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ban taɓa jin nauyin maganar kamar daren nan ba. Ina zaton wani ɓangare na abin da ka rasa a sabon Ben yana falon kawunka.

Masu yin katun mai dogon zango hanya biyu ce a gabansu. Ko su bar jarumi ya girma tare da masu kallonsa na farko, har ya fi ƙarfin ƙananan da ke tasowa, ko su daskarar da shi wuri guda. Masu Pokémon na Japan ta biyun suka ɗauka. Tun daga 1997 har 2023, sama da kashi 1,200, jarumin shirin Ash yana nan ɗan shekara 10. Manya sun yi ta ƙorafin wai yaro ba ya girma, ba ya kuma cin babbar gasa. A ƙarshen 2022 aka bar shi ya zama zakaran duniya, a 2023 aka sallame shi aka kawo sababbin yara biyu. Sai kuma kuka ya tashi daga ɗaya gefen, a dawo mana da Ash. Ni wannan bai ba ni mamaki ba, domin haka Gizo yake. Shekarun Gizo nawa? Tun kakannin kakanninmu yake yaudarar Ƙoƙi, bai yi furfura ba. Kakarmu in tana yi wa ƙannenmu tatsuniya takan gajarta, ta ƙara waƙa, ta cire wurin da Dodo ke haɗiye mutum. Mu manya mu ce, "Iya, ba haka kika ba mu ba." Takan ce, "Ku kun ci naku, ku matsa wa na baya."

Akwai inda nake bayanka ɗari bisa ɗari. "Ai na yara ne" bai kamata ya zama mafakar aikin ganin dama ba. Yaro ɗan takwas yana iya riƙe labari mai tsawo, yana iya jin tausayi, yana gane jarumin da ya yi kuskure ya gyara. Kullum ina gani a aji. In kamfani ya mayar da shiri ihu da guje-guje zalla don ya fi arha ko don ya fi saurin sayar da roba, ya cuci yaron, kuma babba na da bakin faɗa. Sai dai ka tambayi kanka, ƙaninka kake karewa, ko yarintarka?

Abin da nake so ka yi: ka ba yaron nan haƙuri. Kalmar jabu a kunnensa tana nufin abin da yake so ba shi da daraja, kuma daga bakin yayansa ta fito. Ran Juma'a in ka rufe shago, ka zauna ya nuna maka nasa, ka bar shi ya yi maka bayanin kowace halitta ba tare da ka gyara masa ba. Mako mai zuwa kai kuma ka kunna masa na 2005 daga kashin farko. Wataƙila ya so, wataƙila ya tambaye ka yaushe za a fara.

TAMBAYA: Malama, da Tom and Jerry muka tashi, ban taɓa ganin aibunsa ba. Na sa an tura wa ɗana ɗan shekara huɗu a waya. Shekaranjiya ya ɗauki muciya ya buga wa ƙanwarsa a ka yana dariya, wai shi Jerry ne. Allah Ya tsare ba ta ji ciwo sosai ba. Shin canza shi aka yi, ko dama ba na yara ba ne?
Daga uwar yara biyu, Tumfure, Gombe

AMSA: 'Yar'uwa, sannu, Allah Ya ƙara tsarewa. Tambayarki ta biyu ta fi kusa da gaskiya. William Hanna da Joseph Barbera sun fara shi a 1940 a kamfanin MGM, kuma gidan silima aka yi wa, a nuna shi kafin babban fim, galibin masu zaman kujerun manya ne. Daga 1940 zuwa 1958 sun yi gajerun finafinai 114, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar. Daga baya talabijin ta kwashe su ta zuba a lokacin yara. Shi ya sa a tsofaffin za ki ga muzurun yana busa taba, za ki ga wata baƙar fata mai aikin gida da aka zana ta a sigar raini, yawanci ƙafafunta kawai ake nunawa. Yanzu har gargaɗi ake rubutawa a farkon wasu. A 1975 da aka yi sabon zubi musamman don talabijin, ƙa'idojin tasha kan nuna duka suka sa aka mayar da muzuru da ɓera abokai, suna yawo tare. Tsofaffin masoya suka ce an kashe musu shiri. Kin ga rigimar telan Jahun ta girme shi nesa ba kusa ba.

Ke kin kalle shi ne wataƙila kina 'yar bakwai ko takwas, sau ɗaya ko biyu a mako, cikin yayye. Shi kuwa ɗan huɗu ne, shi kaɗai da waya, kashi na bin kashi. A shekarunsa bai gama raba abin da ke yiwuwa a hoto da abin da ke yiwuwa a tsakar gida ba. Ya ga an maka wa muzuru kasko ya baje kamar waina, ya girgije ya miƙe. A tunaninsa ƙanwarsa ma girgijewa za ta yi. Ba mugunta ba ce, kada ki ɗauke ta haka, kuma kada ki dake shi a kai, don duka ba ya koya wa yaro barin duka. Ki sa ya taɓa ƙullutun da ke kan yarinyar da hannunsa, ki ce, "Ka ji? Na hoto ba ya jin zafi, ita tana ji." Ni da zan ba ki shawara, ki ajiye masa wannan sai ya kai shida ko bakwai, sa'an nan ma ku kalla tare.

Tunda kin ambaci turawa a waya, ga wani jan kunne. Wani uba ya taɓa kai kati shagon masu tura finafinai ya ce a cika masa da katun, bai duba ba ya miƙa wa ɗansa. Bayan mako guda yaron ya furta wata kalmar Turanci a ajina da ba zan iya rubuta ta a nan ba. Da muka bincika katin, an haɗa da katun ɗin manya. Akwai su da yawa, irin South Park da ake yi tun 1997, wanda ko kusa ba a yi shi don yaro ba. Mai shagon zane ya gani ya tura. Duk abin da aka tura miki, ki buɗe kowanne ki kalli ko minti uku ne kafin ki miƙa wayar.

TAMBAYA: Anti, ina aji biyu a jami'a, amma har yanzu in na gaji da karatu SpongeBob nake kallo. 'Yan ɗakinmu suna yi mini dariya wai ban girma ba. Akwai matsala?
Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Gombe

AMSA: 'Yata, babu. Wanda ya ƙirƙiro shi, Stephen Hillenburg, malamin ilimin halittun teku ne kafin ya koma zane, kuma tun da aka fara nunawa a 1999 manya da yawa ke kallo, domin marubutan kan saka zance mai hawa biyu, yaro ya yi dariyar faɗuwa, babba ya yi dariyar mai gidan abincin da ba ya son fitar da kobo. Za ki ji ana cewa zango ukun farko sun fi daɗi, kafin ya saki ragamar bayan fim ɗin 2004. Ni ma haka nake gani, yaran ajina kuwa ba su san an yi wani canji ba. Ki kalli abinki, muddin bai ci miki lokacin salla da karatu ba. In kin je gida hutu kika tarar ƙananan suna kallo, ki zauna a baya, rimot ɗin nasu ne.

TAMBAYA: Malama, ni mai zane ne, na koyi haɗa katun a kwamfuta. Burina in yi shirin Gizo da Ƙoƙi da Hausa wanda kowa zai kalla, daga ɗan yaye har tsoho, kuma ya daɗe kamar na Turawa. Na saka gwaji na minti biyu a Facebook, wani ya ce in ƙara wa'azi, wani ya ce in saka siyasa, wani ya ce Gizon bai yi kama da na tatsuniya ba. Wa zan bi?
Daga wani mai zane, Jekadafari, Gombe

AMSA: Malam, saƙonka ya faranta mini rai, Allah Ya sa albarka. Na daɗe ina jin takaicin yaranmu sun san sunan kowace halitta a agogon Ben, amma ka tambaye su wace ce Ƙoƙi su yi shiru.

Ka lura da abu ɗaya: duk waɗanda suka ba ka shawarar nan manya ne. Ɗan shekara shida ba ya rubutu a Facebook. Wannan ita ce masifar mai yin shirin yara a ko'ina, masu baki ba su ne masu shirin ba, masu shirin kuma ba su da baki. In ka bi na wa'azi da na siyasa da mai neman Gizon kakarsa, za ka ƙare da abin da manya za su yaba su wuce, yara su tashi su bar maka tabarma.

Ka cire "kowa" daga lissafinka, ka zaɓi shekaru. Kamfanin Ubongo na Tanzaniya shiri biyu ya yi saboda wannan dalilin, Akili and Me na waɗanda ba su shiga firamare ba, Ubongo Kids na 'yan firamare. A nan gida Adamu Waziri ya yi Bino and Fino a Abuja, kuma kana kallo za ka san ƙananan yara ya nufa, bai tsaya faranta wa samari ba. Ɗan huɗu yana son maimaici da waƙa da magana a hankali. Ɗan tara yana son dabara, yana son ya riga Ƙoƙi gano ƙaryar Gizo. Ni da ni ce, 'yan bakwai zuwa tara zan ɗauka, don Gizo mayaudari ne, sai wanda ya san ƙarya da gaskiya ke jin daɗinsa. In ka ƙware a kansu, iyaye da kansu za su jawo kujera.

Ka kuma shirya wa ranar da shirin zai daɗe, in Allah Ya yarda. Bayan shekara goma waɗanda suka fara kallo za su dawo da gemu su ce ka ɓata musu Gizo. Ka saurare su da mutunci, ka ɗauki abin da ya shafi ingancin aiki, sauran ka san kewa ce ke magana.

Gwajin da ya fi na Facebook kuwa tsoho ne. Masu shirin Sesame Street na Amurka, kafin su fara a 1969, sukan zaunar da yara gaban talabijin, su kunna wasu hotuna masu canzawa a gefe, su riƙa rubuta daidai lokacin da idon yaro ya bar shirin ya koma kan hotunan. Inda ido ya kauce, nan ake gyarawa. Ba ka buƙatar na'urarsu. Gombe zuwa Bauchi ba nisa, ka aiko wa mujallar nan saƙo su haɗa mu, in nemi izinin hedimasta, ka zo da minti biyun nan naka wata Alhamis bayan an dawo tara. Ina da yara sittin da 'yan kai a aji, ga taga mai kallon filin ƙwallo da za ta yi maka aikin hotunan gefe. Ka zo da littafi da biro, ka zauna a gaba kusa da allo kana fuskantarsu, kada ka ce musu kai ka zana.